Tafasar da ta Shaƙe Kabejin Bature

Har yau a Illela, in an tashi zancen lambun makarantar elementare, sai a ce lalacina ne ya kashe kabejin Bature. Ƙarya ce, kuma na gaji da jin ta.

Ranar da aka ba mu hutun damina, shekarar da ruwa ya makara, malaminmu Malam Garba ya tsayar da ni bakin shingen ƙaya ya miƙo mini fartanya in kula da lambun, don gidanmu ya fi kusa. Kunyoyi ne a jere, an ja su da igiya, kabeji da karas da latas, irin da Baturen makarantu ya aiko. Malam ya ce duk abin da ya tsiro ba a kan layi ba ciyawa ce, in tuge. Ya ce Baturen zai zo bayan hutu, daga nan za a zaɓi yarinyar da za a kai makarantar Sakkwato. Tafiyar nan kuwa ina son ta kamar raina.

Kullum in na share tsakar gida na kai wa Baba fura gona, sai lambu. Ƙawayena suna carafke a gindin aduwa, ni ina duƙe ina tsince tsutsa, ina korar awaki, ina tuge tafasa da lalo da gasaya ina watsarwa bayan shinge. A nan Inna Tumba ta same ni. Tsohuwa ce da ta gudo daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, da jikokinta bayan an tafi da 'ya'yanta aikin dole, ba ta da gona ko taki ɗaya. Rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba.

"Ke ɗiyata, mi kika yi hakanga? Wanga ai miya ta!"

"Malam ya ce in tuge, Inna."

"Malam na da hatsi rumbu nai," in ji ta. "Bar min saiwar. In an tsinke kai, tohowa takai."

Na bar mata. Tana zuwa da ƙwarya ta tsinki ganye, ta yi wa yara kwaɗo, wata rana ta sammini a tafin hannu. Tafasa ta samu taki ta yi tsawo har ƙuguna, ta rufe kunyoyin. Ina gani da idona kabeji na ramewa, kuma na san abin da nake yi.

Malam Garba ya dawo ya riƙe baki. "Zainabu, wanga lambu na ko daji?" Na yi shiru, abin da ban saba ba. A lokacin, in sunan wanda ya gudo ya kai kunnen hukuma, ana iya iza ƙeyarsa a mayar. Bature ya zo, ya leƙa, ya wuce. Aka ɗauki wata yarinya, ni na ƙara shekara ina kallon hanya.

Yanzu manyan motoci ke tsayawa a filin lambun, ƙasar ta daddale, ko tafasa ba ta fitowa. Kabeji kuwa ga shi tuli a kasuwa. Inna Tumba ta rasu, jikokinta sun yi gidajensu a Tozai, ba mai iya korar su. Shirun nan ba shi da sauran wanda yake karewa. Malam Garba ya tsufa, ganinsa ya tafi. Gobe bayan la'asar zan je in gaishe shi, in gaya masa wa ya ci lambunsa.