Makau Direba, Mai Raka Alhazai Bakin Jirgi

Da an sallame asuba, Makau yakan buɗe gaban motarsa a tashar Bukkuyum, ya duba ruwa da baƙin mai, ya daddaki tayoyi da ƙafa, sannan ya zauna jiran fasinjan Gummi ko Anka. Haka muka taso muka gan shi.

Amma ba wannan jigilar ta sa na ɗauki alƙalami ba. Duk shekara shi ke kwasar maniyyatan ƙauyukanmu zuwa filin jirgin Sakkwato. Sauran direbobi sukan sauke su juya. Makau ba ya tafiya sai ya ga jirgi ya ɗaga, ko sau nawa aka ɗage tashi.

Wata shekara da Hajji ya faɗo cikin tsananin bazara, ya ɗauko Inna Atine daga Adabka, tsohuwar da ba ta taɓa wuce Gummi ba. Da suka isa Sakkwato, tsoron jirgi ya hana ta cin abinci.

"Makau, kwana nawa za mu yi bisa kahin Jidda?"

"Inna, ba a kwana. Awa biyar ma da ƙyar ta cika. Kin ga wahalar da munka sha daga Adabka zuwa nan? Ta hi ta jirgi tsawo."

Ta ce, "Ashe kusa ne." Ta karɓi furar da ya miƙa mata. Shi ya ɗaukar mata jaka har ƙofar da ba a barin ɗan rakiya ya wuce.

Da alhazai suka dawo, jakar ce kaɗai ta sauko. Zazzaɓi ya kama Inna a Mina, can aka rufe ta. Ba waya a Adabka lokacin, kuma kowa ya noƙe wa kai labarin. Makau ya ɗora jakar a kujerar gaba, ya kama hanya. Ya tarar da ɗanta Manu ya shafe mata ɗaki da farar ƙasa.

"Ina Inna?"

"Manu, ta yi Arfa. Ta samu makwanci inda kowa ka roƙo."

Manu ya dafa ƙofar mota. "An ce kai kac ce mata kusa ne."

Makau bai kare kansa ba. Ya zauna gidan har aka yi sadakar uku.

Tun daga nan wannan nauyi ya zama nasa, ba wanda ya ɗora masa. Zaliha ta Yargalma ta gaya mini shi ya kawo jakar mijinta, ya tsaya a zaure hawaye na zuba kafin ya iya sallama.

Kai ne ka san tsawon hanyar Jidda a baki, Makau, ba ka taɓa taka matakalar jirgi ba. Raƙumi, ka kai kaya kana kallon ruwa. Bana ka ajiye makulli don yanar ido ta rufe maka gani, tashar kuwa ko taron sallama ba ta yi maka ba.

Mun gode, Allah ya kira ka aikin Hajji, ka ga ɗakinsa. Ku matasan direbobi, ku koyi tsayawa da wanda kuka ɗauko. Ku kuma alhazan da ya raka, gidansa na bayan kasuwa. Ku je ku gaishe shi tun yana iya amsawa.