Zanen Zumunta

A zumuntar matan cocinmu na Hausa da ke Ebute Metta a Legas, ni ce mai kula da zani. Muƙami ne da kowa ke gudu, ni kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu. Zanen shuɗi ne mai fararen gicciye, falle biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa. Dokarsa uku ce: ba a yin aikin gida da shi, ba a ara wa wadda ba 'yar zumunta ba, kuma ranar da mace ta mutu da shi ake lulluɓe akwatinta. Na taɓa karɓe na wata tsohuwa a gaban jama'a don ta goya jikanta da shi. Ta yi kuka, ni ko a jikina. Matan suna ce mini soja a bayan idona, ina kuma jin daɗin sunan, ko da yake a shekarar sojojin gaske ma sun koma bariki.

Ni Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, Kirista tun daga kakana. A gidan hayarmu na Ketu, ɗakin da ke kallon nawa na wata 'yar Nijar ne, Musulma, mai sayar da busasshen barkono a kasuwar Mile 12. Mijinta mai gadi ne. Tsagar fuskarmu kusan iri ɗaya ce, har Yarabawan gidan sun ɗauka uwarmu ɗaya. Duk ranar da na yi shiri sai ta leƙo.

"Yaya, wannan shuɗin ni zai fi yi wa kyau. Ki ara mini ranar suna."

"Sai kin yi baftisma."

"To zo ki yi alwala tukuna, mu ga wa zai riga gajiya."

Wata Alhamis da rana ina dawowa daga taron zumunta sanye da zanen, muka haɗu da ita a tashar Ojota, muka shiga motar danfo ɗaya. Tun a nan ake ta raɗe-raɗin an yi faɗa a kasuwa tsakanin 'yan Arewa da samarin gari. Na ce ai kasuwa ba ta rabuwa da faɗa. Ba mu yi nisa ba muka hango hayaƙi. An gindaya tayoyi a titi, samari da adduna da kwalabe suka tare motar. Direba ya buɗe ƙofa ya ranta a na kare.

Suka ce kowa ya sauko. Namijin farko da suka jawo wani mai albasa ne da hula. Bai ma gama ɗaga hannu ba aka sara masa adda a wuya, jinin ya fallatsa a gilashin da nake jingine. Ya faɗi yana shure-shure, wani ya ɗauki dutse ya ƙarasa shi. Na ji ƙarar, har yau ina jinta in ana fasa kwakwa.

Mu biyu muna kujerar baya, saura mutum huɗu a kai gare mu. Ta fizge mayafinta ta tura ƙarƙashin kujera, ta kama gefen fallen da ke kafaɗata.

"Yaya, ara mini. Don Allah, Yaya."

Na sha gaya wa kaina cewa lokaci ne ya ƙure. Ƙarya nake yi. Akwai lokacin da zan ɗaura mata shi har in gyara mata bakinsa. Abin da ya fara zo mini shi ne doka, wai ba a ara wa wadda ba 'yar zumunta ba. A bayan dokar kuma tsoro ne tsagwaronsa: in suka ce ta yi addu'ar coci ta kasa, mu biyu za su yanka. Na danne zanen da haɓata. Ta ja sau ɗaya, ta dube ni, ta saki.

Da na sauko, wani mai jan ƙyalle a ka ya kalli tsagata, ya ɗaga adda. Wanda ke kusa da shi ya nuna gicciyen, ya ce da Turancin titi wannan matar coci ce, a bar ta. Har "Mama" ya kira ni, ya kama hannuna ya tsallakar da ni kan gawar mai albasa. Ban kai bakin kwata ba na ji muryarta tana salati. Na waiga. Sara biyu ne, ɗaya a hannun da ta kare kanta, ɗaya a ka. Robar barkononta ta kife, masu kisan suka yi ta atishawa suna dariya.

Na ɓuya a bayan wani shago har jiniyar 'yan sanda ta watsa su. Sannan na fito. Tana kwance zaninta ya yaye, ƙudaje sun fara taruwa. A lokacin ne na sauke fallen daga kafaɗata na lulluɓe ta.

Ranar Lahadi uwar zumunta ta tsayar da ni a gaban coci, ta ce ga wadda gicciye ya ceta. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga tulu, aka yi rawa. Ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar ranar ba. Shekara talatin ina tsaron gicciyen da aka buga a masaƙa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa aka rataye Almasihu a kan na katako ba. Shi ransa ya bayar saboda mutanen da ba su ma roƙe shi ba. Ni yadi biyu aka roƙe ni. A garin da ake duba tufar mutum kafin a yanke ko zai rayu, na mai da bangaskiyata katin shaida, na nuna na wuce. Tun daga ranar ba na iya cewa na san abin da ake nufi da zama Kirista. Na dai san abin da ba shi ba ne, domin na aikata shi da hannuna.

Bayan addu'ar bakwai mijinta ya yi sallama a ƙofata. Ya rame, yana shirin komawa gida da 'ya'yansu biyu. Ya durƙusa ya miƙo mini leda. Zanen ne, an wanke shi tas, an yi masa guga, an linke.

"Yaya, an gaya mini ke kika rufa mata asiri a titi, da kayan ibadarki ma. Kullum tana cewa ba ta da kamarki a Legas. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mata."

Na karɓa, na ce amin. Ban gaya masa ta roƙe ni tun tana da rai ba.