Kawu Bawa da Ciwon da Ya Ɓoye a Rafi

Duk wanda ya san Kawu Bawa mai gishiri ya san jakin nan nai da bai taɓa ɗaukar kaya ba. Daga Zuru har Ribah, Kawu na ɗauke da gishiri bisa kai, jaki na biye shina kiwo. In anka yi magana sai ya ce, "Ku bar shi, bai warware ba tukun."

Shekarar da na gudo daga makarantar Nasara, shi ya ɗauke ni rakiya. Ran nan sai na ga tahiya tai ta sake, shina buɗa ƙafa, jiki zahi rau. Da munka kai rafi ya shiga ya zauna, ruwa har cibiya.

"Kawu, lahiya?"

"Kihi nike dubawa."

"Da wando?"

Sai da na rantse ba ni gaya ma kowa kana ya nuna min. Maraina guda ya kumbura ya kai ƙwan jimina, ja wur, fata na ƙyalli. Ashe majanyin matatai, Inna Kulu, da taka ta cigiya, shi ya ɗauke ya tallabe abin da shi.

Rantsuwata ba ta kwana ba. Inna ta kira wanzami, ya ce a kwanta, a tokare da tsumma, a riƙa sa ruwan sanyi. Kawu ya ce, "Kwanciya da rana? Gawa kaka gani?" Ya koma kasuwa.

Da zazzaɓi ya kada shi munka ɗauke shi sai bariki, wurin wani tsohon soja mai ba da magani. Mutumin ya buɗe, ya ja da baya.

"Baba, ya yi mugunya, ya ruɓe. In ba a cire gudan nan ba, dahin zai shiga jini."

Kawu na rawar ɗari ya ce, "Ɗana, biyu Allah ya ba ni aro. In na koma da guda, kai za ka yi bayani?"

Munka roƙa, Inna ta yi kuka, ya ƙi. Bai ga sabon wata ba.

Mai wankan gawa da ya hito, ya dube ni ya ce a hankali, "Sun cika." Na yi dariya, sai ga hawaye.

Ya Allah, ga bawanka ya maido amana yadda ka ba shi. Ka sanyaya mishi makwanci.