Naman da Baffa ya binne

Basir muka yi ta kiran ciwon. Kowa a Kebbe likitan basir ne, don haka yayana ya sha saiwoyi har ya gaji, jini bai tsaya ba. Sai da ya rame, wando ya daina zama a ƙugunsa, sannan aka kai shi asibiti a Sakkwato. Aka ce ciwon daji ne a hanji, aka yi masa aiki.

Ni ina Tambuwal lokacin, ina jego. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, shi ya yi jinya. Malami ne, kusan duk gawar unguwarmu shi ke yi mata wanka. Bayan aikin aka miƙa masa ƙarin da aka yanke, cikin roba da ruwan magani, aka ce ya kai ɗakin gwaji. An faɗa masa a tsaitsaye, rabi da Turanci. Shi kuwa abin da ya sani, duk abin da aka cire daga jikin Musulmi ƙasa ce makwancinsa. Ya kawo shi gida, ya naɗe da farin ƙyalle, ya binne bayan rumbu.

Da na samu ƙarfi na raka Yaya ganin likita. Ta tambayi sakamako, muka kalli juna. Ta yi mana bayani cewa a naman nan ake duba irin ciwon, har a aika wani wuri a ga yadda ƙwayoyin halittarsa ke aiki, a gane ko mai dawowa ne, ko sai an bi shi da magani mai ƙarfi. Wallahi raina ya ɓaci, har yau in na tuna robar nan sai zuciyata ta tafasa. Mutum ɗaya a asibitin nan bai iya zaunar da tsoho ya fahimtar da shi ba?

Likita ta ce a yi maganin duk da haka. Yaya ya ce yana jin garau, ga damina ta kawo jiki, ba zai kwanta kan zato ba. Ya koma gonar geronsa. Ciwon ya dawo ta hanta.

Ranar jana'izar Yaya, Baffa ya ce a samu wani ya yi wankan. Bayan an watse ya same ni a tsakar gida.

"Ɗiyata, da an duba naman nan, da ya rayu?"

"Ban sani ba, Baffa," na ce masa. Ya daɗe yana kallon bayan rumbu.