Tuta ta Huɗu

Wana ya rasu bana, bayan an gama yankan gero. Tun da aka yi addu'ar bakwai nake so in rubuta wani abu a kansa, amma duk inda na fara sai hannuna ya koma ga yini ɗaya, ranar da wani Bature ya sa mu tseren neman tutoci a duwatsun da ke tsakanin Kankiya da Kusada.

A lokacin wana ya shekara bakwai yana tsaron gandun daji. Ba a rubuta sunansa cikin ma'aikata ba, ba a kuma ba shi kaki ba. Shi dai ake turawa idan makiyaya sun shigar da shanu, ko an ji sara a inda aka hana sara, kuma shi ke gaba duk ranar da wani babba ya zo rangadi. Ya sauke Alƙur'ani, amma bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Ni kuwa na yi elementare har aji huɗu, na dawo gida ina taya shi noma.

Sai aka kawo sabon Baturen daji, saurayi, wuyansa ja wur saboda rana. Ya ce za a ɗauki malamin daji guda ɗaya na dindindin, da kaki da hula, kuma ba zai ba kowa don alfarma ba, sai an gwada. Gwajin kuwa wani wasa ne da ya ce ana yi a ƙasarsu. Za a kafa tutoci biyar a cikin daji, a ba kowa taswira da kamfas, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya dawo. A jikin kowace tuta an ɗaure fensir mai launi daban, da shi za ka yi zane a takardarka don a san ka je. Wanda ya fi kowa sauri shi ke da aiki. Wato mutumin da ya shekara bakwai yana taka wannan daji sai ya yi gudu a gaban wanda ya zo wata biyu da suka wuce kafin a yarda ya san shi.

Wana ne ya ce in shiga.

"Ko ba komi ka karanta mani takardar," in ji shi. "Kuma ka ɗan rage tumbin nan, Malam ƙarami."

Mu tara muka hallara a gindin wata tsamiya da hantsi. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙugu. Baturen na zaune a kujerar tafi-da-gidanka, agogo a hannu, tafintansa na tsaye a gefe. Tafintan nan mutumin birni ne, mai takalmi sau-ciki, yana yi mana Hausa yana yatsina kamar an sa shi ɗaukar kashin kaji. Ya raba mana kamfas, wata 'yar batta mai allura a ciki, ya ce allurar kullum arewa take nunawa. Wana ya juya tasa a tafin hannu, ya dubi rana, ya sake duban battar.

"Yanzu arewar ma sai an tambayi batta? To ranar da ta ɓace, ina za a dosa da salla?"

Aka yi dariya. Tafinta bai fassara ba.

Kafin a sallame mu na shimfiɗa taswirar a kan gwiwata, ina nuna wa wana ɗigon kowace tuta, ina gaya masa abin da ke kusa da ita. Ta farko a kan dutse, arewa da rafi. Ya ce, dutsen rema ke nan. Ta biyu inda hanyar shanu ta rabu biyu. Ya ce, kuka mai rami. Ta uku a bakin rijiya, ya ce in wuce gaba. Ta huɗu kuwa babu komai a kusa da ita, takardar fara fat, sai layin tudu da ya zagaye wurin.

"Gabas da rijiya?" ya tambaya.

"Gabas, ta ɗan karkata kudu."

"Tsakanin tudun biyu?"

Na ce e. Ya miƙo mini kamfas ɗinsa ya ce in riƙe masa, nauyi ne kawai. Aka fara sallamarmu ɗaya bayan ɗaya, da ɗan jinkiri a tsakani. Shi ne na uku, ni na bakwai. Ban ga ya yi gudu ba. Ya dai tattare rigarsa ya shige ciyawa.

Ni na bi abin yadda aka koya mana. In saita allura, in zaɓi itace a gabana, in ƙirga taku har in kai gare shi. Wannan ƙa'ida ta kai ni cikin sarƙaƙiya sau biyu, ta kuma hau da ni dutsen rema ta gefen da ko akuya ba ta bi, alhali ga hanyar masu itace a bayansa. A kan dutsen na tarar da wani tsohon soja cikin masu takarar yana zagin battarsa. A wajen kuka na wuce wasu biyu suna gardama a kan wanda ya fara kama fensir, manyan mutane masu iyali, suna fizgar igiya. Ban ga kaina a cikinsu ba a lokacin. Yanzu na san duk ɗaya muke, mu duka gudu muke yi don wani yaro ya dubi agogonsa ya ce mun yi ƙoƙari.

Daga rijiya na saita gabas, na ƙirga takuna har na shiga tsakanin tudun biyu. Babu tuta. Mutum uku sun riga ni, suna ta kai da kawo suna tattake ciyawa, ɗaya na buga ta da sanda. Na samu ramin da aka zare sandar tutar, sabo, ƙasarsa ba ta bushe ba. Da na sunkuya in duba sai na ga tsingaron tukunya a gefen ramin, an kifa shi, ya yi baƙi don tsufa. Gaba kaɗan ga wani. Ƙasar da nake tsaye a kai ta ɗan lotsa, tsawon mutum.

A nan na gane inda nake. Kafin a shata gandun daji akwai ƙauye a bayan tudun nan, a can aka haife mu, sai aka tashe mu muka koma wajen Kaikai. Wannan maƙabartar ƙauyen ce. Mahaifiyarmu na ciki. Ina goye ta rasu, ban san ko wanne ne nata ba, amma wana yana da shekara goma sha biyu a lokacin, da hannunsa ya zuba mata ƙasa.

Na ja da baya a hankali har na fita daga wurin. Daga bakin tudu na hango tutar, an ɗaure ta da kyau a reshen wata aduwa, kamar taku arba'in daga ramin, fensirin na lilo a jikinta. Na yi zanena. Na kira sauran na nuna musu, na ce su fito daga nan, kaburbura ne. Ɗaya ya ce innalillahi ya cire takalmi. Sauran biyun suka yanko ta kan kaburburan a guje.

Da na dawo gindin tsamiya na tarar da wana ya daɗe da isowa, har ya yi azahar, yana zaune yana cire ƙaya a ƙafa. Ni ne na biyu, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a dafa tuwo. Sauran suka riƙa isowa a jigace. Waɗanda suka ɓata lokaci a wajen tuta ta huɗu suka kai ƙara, aka tara mu.

Baturen ya tambaya wa ya taɓa tutar. Wana ya miƙe.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Bisa kabari anka kafa ta. Na ga mutum tara za su bi ta kan mutane da gudu, shi ya sa na matsar da ita bakin wurin. Ban ɓoye ta ba, tana nan inda kowa zai gani."

Tafinta ya juya maganar cikin kalmomi kaɗan. Ban san me ya zubar a hanya ba. Baturen ya shimfiɗa taswirarsa a kan tebur, ya daɗe yana dubawa, har da gilashin ƙara girma. Ya ce masu safiyo sun auna wurin nan kaf, da akwai maƙabarta da sun sa alama. Daga nan ya tambaya wa ya iya karatu a cikinmu. Aka nuna ni. Ya ɗora yatsa a kan ɗigon ya ce in duba in faɗa wa jama'a, akwai wani abu a nan?

Na duba. Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba. Ina iya cewa a zo a gani, tafiyar ba ta da nisa. Ina iya cewa uwata na wurin. Ƙurar tsingaron tana hannuna a lokacin. Amma an kira ni mai karatu a gaban mutane, kuma na ji daɗin hakan.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Baturen ya ce aikin malamin daji tsaron turakun iyaka ne, kuma wanda zai tumɓuke alamar hukuma don ra'ayin kansa ba za a ba shi amanar iyaka ba. Ya faɗi haka a natse, da fuskar wanda ya yi adalci, na tabbata har ya bar ƙasar nan yana ganin ya yi. Aka soke sunan wana. Aka ce daga ranar ba a bukatarsa a gandun daji. Aka kira na biyu, aka miƙa masa hula.

Muka kama hanyar gida. Hular na hannuna, na rasa inda zan sa ta. Sai da muka haye rafi na ce, "Yaya, gobe zan mayar musu."

"Ka mayar wa wa? Su ba wanga sojan da ke zagin batta?" Ya tsaya ya dube ni. "Sa abarka. Gara kai, ko ba komi yanzu ka san inda ba a takawa."

Washegari bayan ya dawo daga gona ya ce in ɗauko littafi. Ya zauna a kan turmi yana faɗa ina rubutawa: kufai nawa ne a cikin gandun, ina maƙabartar kowanne take, wace rijiya ce ke ƙafewa da bazara, ta ina masu sara ke shigowa. Shafi shida muka cika. Na kwafe su da kyakkyawan rubutu na kai ofis. Tafinta ya karɓa da yatsa biyu ya ce za a duba. Na yi shekara ashirin da wani abu a wannan aiki, an sake buga taswirar sau biyu, wurin yana nan fari.

Wana bai sake shiga gandun ba sai don ziyara, ranar jajibirin salla. Ya yi nomansa a Kaikai, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa. Idan na zo gaishe shi cikin kaki yakan sa a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, ya tambaye ni labarin daji itace bayan itace. Maganar ranar nan kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan ce ya yafe mini ba.