Anti Abena Ta Ari Harshena

A da, Anti Abena ce ke dafa pito a benenmu na unguwar Highbridge tun 1988. Pito giyar dawa ce ta arewacin Gana. A zangon Kumasi aka haife ta, amma uwarta mutuniyar Nandom ce can arewa, a gindin tukunyarta ta koya. Ranakun aiki tana kula da tsofaffi a Manhattan. Ran Asabar kuwa sai ta jiƙa jar dawa a bahon wanka, ta baza a buhu kusa da hitar ɗumama ɗaki har ta yi tsiro. Ni Fusena, maƙwabciyarta, kullum cikin mita nake: "Anti, warin nan zai sa a kore mu!" Sai ta ce, "Toshe hancinki, Hajiya." Yau ga shi warin nake kewa.

Ba ta da ma'auni sai harshenta. Ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta ɗanɗana, ta sake dafawa, sannan ta zuba yis.

A 1996 ta yi doguwar jinya, ta tashi ba ta jin ɗanɗanon komai. Ba a yi wata uku ba mijinta ya rasu. A wurinsu ba a makoki babu pito, ga dattawan garinsu za su zo. Ta rantse ba za a sallami mijinta da giyar kwalba ba.

Sai ga ta a ƙofata da ludayi. "Ƙanwata, ara mini harshenki. Ban sa yis ba tukuna, ba ya bugarwa."

Gaskiyarta, muna yara a zango mun sha mai zaƙin. Na kurɓa.

"Ina tsamin ya tsaya? Bakin harshe ko muƙamuƙi?"

"Oho! Bakin harshe dai."

"Bai kai ba."

Sau huɗu tana dawowa. A na huɗun sai da ya kashe mini haƙora. Ta ce, "Yauwa!"

Ranar makoki wani dattijo ya sha, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana Nandom. Anti ta ɗebo a ƙwarya ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki, sannan ta juyo.

"Ruwa kawai nake ji. Fusena, yaya yake?"

Ya riga ya zama giya, ba halin in taɓa. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora tukunya ba.