Baba Mai Tsani da Fitilar Tasha ta Bakwai

Idan ka taɓa jiran bas a layinmu, ka san Baba Mai Tsani ko ba a nuna maka shi ba. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, wallahi tsaninsa ma ya fi shi ƙiba. Aikinsa goge faifan sola da ke kan rumfunan tashoshin bas, guda goma sha huɗu. Ya kankare kashin tsuntsaye, ya duba ko fitila na kamawa.

Duba fitilar sola da rana tsaka kuwa sai an yi mata wayo. Baƙin bargo yake shimfiɗawa a kan faifan, ita kuma sakarya sai ta ɗauka duhu ya yi, ta kama dishi-dishi. Idan wani ya gifta a ƙasa, wani ɗan ido da ke jikin ƙarfen ya ga motsi, sai ta saki haskenta duka. Wato aikin mutum biyu ne, ofis kuma mutum ɗaya ya ɗauka.

A sauran tashoshi fasinjoji ke gifta masa. A ta bakwai, wadda ke bakin lungunsu, matarsa ce. Kullum da azahar za ta fito da kwanon abincinsa, ta tsaya tana kaɗa tsohuwar lemarta.

"Malam, ta kama?"

"Matsa hagu. Ke don gajarta ko fitila ba ta ganinki."

"Ai gara ni. Kai wata rana iska ce za ta sauko mini da kai. Sauko, abinci na hucewa."

Shekara biyar ana wannan, har mun haddace. Bara zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta.

Bayan sati biyu ya koma aiki. Mai gyaran takalmin tashar ne ya fara ba ni labari, kuma duk iya ƙaryarsa, ranar ban ji alamar ƙarya a bakinsa ba. Ya ce ba kowa a rumfar, shi ma yana can gefe. Baba ya shimfiɗa bargo, fitila ta kama dishi-dishi, sai kawai fal! ta buɗe. Ba akuya, ba leda, ko ƙuda bai gifta ba. Baba ya leƙo ƙasa a hankali, ya ce, "Na gani. Ina saukowa."

Haka kullum. Kafin wata guda gari ya ɗauka. Kwandastoci suka daina kwarara ihu a tashar. Mai kitson layinmu ta rantse ta ji ƙamshin turaren marigayiya. Wani direba ya ce ya ga lema tana tafiya ita kaɗai, amma wannan ko ramin titi ba ya gani, bar shi. Ni dai sau ɗaya na tsaya na gani da idona. Baba kuwa a takardar ofis "lafiya lau" yake ta rubutawa, don ya san ranar da aka ji, ɗan idon nan za a cire.

Aka kuwa ji. Injiniya ya zo da ɗan akwatinsa.

"Baba, ruwa ne ya shiga idon. Batir yake cinyewa."

"Yallaɓai, a bar shi haka. Ni zan riƙa kula da shi."

"Haba Baba, minti goma ne fa. Sabo dal zan sa maka."

"Ba na son sabo."

Injiniya ya yi dariya, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Baba da hannunsa ya riƙe masa tsani.

Washegari da azahar ya hau, ya shimfiɗa bargo. Fasinjoji suka ƙi shiga rumfar, suka jeru a rana, kowa na tsoron kada ya zama shi ya kunna ta. Bas uku suka zo suka wuce. Fitila tana nan dishi-dishi, ba ta ƙara ba.

Har yau yana zuwa. Sauran tashoshi minti biyar ya gama. A ta bakwai sai ya yi awa biyu a saman tsani, bargo a rufe, ido a ƙasa, daidai lokacin da faifan ya kamata ya sha rana. Batir ba ya cika. Shi ya sa fitilarmu ke mutuwa ana idar da isha, mu ƙarasa jiran bas da hasken waya. Muna ƙorafi kam, sosai ma, amma tsakaninmu. Ba wanda ya kai maganar ofis, har ni da bakina ba ya riƙe komai.